Lissafin Shimfiɗa Lanƙwasasshiyar Waya: Daga Homar Argungu Zuwa Kwamfuta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda dubban masunta ke rugawa cikin kogin Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa. Wannan biki ya samo asali ne a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Hankalin 'yan kallo yakan tafi ne ga giwan ruwan da za a fito da shi. Mu kuwa a wannan maƙala kayan aikin masuncin za mu duba, domin akwai tambayoyin lissafi guda uku a tare da su. Ta farko, itacen homa a tanƙware yake, to yaya za a san tsawonsa tun yana miƙe? Ta biyu, me ya sa ba a iya shimfiɗa gora a ƙasa sai ta fashe? Ta uku, me ya sa raga, wadda ake iya shimfiɗawa a ƙasa sumul, take iya lulluɓe gorar ba tare da ta yage ba?

Waɗannan tambayoyi ba na masunta kaɗai ba ne. Tun da Birnin Kebbi ya zama hedikwatar jiha a 1991 gine-gine suka yawaita a unguwanni irin su Gesse, kuma a kowane wurin gini akwai mai ɗaurin rodi da mai walda waɗanda kullum suke yanka miƙaƙƙen ƙarfe domin su lanƙwasa shi. Rodi yana zuwa ne da tsawon mita 12. In aka yanka ya gaza, an yi asarar guntun. In ya zarce, an bar ɓarɓashi wanda ba ya wani aiki. Saboda haka sanin tsawo da siffar abu a shimfiɗe, kafin a lanƙwasa shi, al'amari ne na kuɗi da na ingancin aiki. Akwai reshen lissafi da ke koya wa kwamfuta wannan aiki, wato jometirin kwamfuta, kuma tushensa duka yana cikin darussan da ake koyarwa a makarantun sakandare.

Tsawon abin da ya lanƙwashe

Mai sana'a yana da tsohuwar dabara: ya bi jikin lanƙwasar da igiya, sa'an nan ya miƙar da igiyar ya auna ta. Dabarar tana aiki idan abin yana nan a gabansa. Amma idan abin bai wanzu ba tukuna, zanensa kawai ake da shi, ko kuwa lanƙwasa ɗari ce kowace da girmanta, to dole a nemi wata hanya.

Hanyar ita ce a yayyanka lanƙwasar zuwa gajerun miƙaƙƙun layuka, a auna kowane ɗaya, a tara. Bari mu gwada da rabin da'ira mai faɗin mita ɗaya, irin bakan da mai walda ke ɗorawa a saman ƙofa. Mun sani daga aji cewa tsawonsa shi ne π sau 50, wato santimita 157.08. Ga abin da za mu samu idan muka yi amfani da miƙaƙƙun layuka masu tsawo ɗaya:

Layuka 2: santimita 141.42, giɓi 15.66
Layuka 4: santimita 153.07, giɓi 4.01
Layuka 8: santimita 156.07, giɓi 1.01
Layuka 16: santimita 156.83, giɓi 0.25
Layuka 32: santimita 157.02, giɓi 0.06

Mai karatu zai lura da abubuwa biyu. Na farko, jimlar layukan kullum tana ƙasa da tsawon gaskiya, domin miƙaƙƙen layi shi ne hanya mafi gajarta tsakanin ɗigo biyu. Na biyu, duk lokacin da aka ninka yawan layukan sau biyu, giɓin yakan koma kusan kashi ɗaya bisa huɗu na yadda yake. Wannan shi ke ba mu ikon yanke shawarar inda za mu tsaya. Mai walda ba ya bukatar abin da ya fi milimita ɗaya daidaito, don haka layuka 32 sun ishe shi.

Ba sabuwar dabara ba ce. Arkimidis, masanin Girka wanda ya rasu a shekarar 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi amfani da siffa mai gefe 96, ɗaya a cikin da'ira ɗaya a wajenta, ya nuna cewa π yana tsakanin 3 da 10/71 da kuma 3 da 1/7. Daga nan ne muka sami 22/7 da ɗalibai suka saba da shi. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne sauri. Takan ajiye kowane ɗigo da lambobi uku, wato nisansa ta gaba, ta gefe, da ta sama, sa'an nan ta fitar da tsawon kowane guntu da ƙa'idar Faitagoras. Alal misali, idan ɗigo na biyu ya yi nisan santimita 3 ta gaba, 4 ta gefe, 12 ta sama daga na farko, sai a tara 9 da 16 da 144, a sami 169, wanda tushensa 13 ne. Tsawon guntun ke nan. Kwamfuta tana yin irin wannan sau dubbai kafin ƙiftawar ido, kuma ba ruwanta da ko lanƙwasar da'ira ce ko kuwa karkataccen itacen homa ne.

Kaurin ƙarfe ma yana da hakki

A littafi layi ba shi da kauri, amma rodi yana da shi, kuma a nan ne sabon almajirin sana'a kan yi kuskurensa na farko. Idan aka lanƙwasa rodi, bayansa yakan miƙe ya ƙara tsawo, cikinsa kuma ya matse ya rage. A tsakaninsu akwai wani layi wanda tsawonsa bai canja ba, kuma a lanƙwasa mai faɗi wannan layi yana bin tsakiyar ƙarfen ne. Shi ya kamata a auna.

Mu ɗauki rodi mai kaurin milimita 10, ana son a yi zobe da shi wanda faɗinsa ta ciki milimita 200 ne. Kewayen ciki shi ne π sau 200, wato milimita 628. Kewayen waje shi ne π sau 220, wato 691. Na tsakiya kuwa π sau 210 ne, wato 660. Wanda ya yanka 628 zai tarar bakin zoben bai haɗu ba, da giɓin fiye da santimita 3. Wanda ya yanka 691 ya yi asarar kwatankwacin haka a kan kowane zobe, kuma a zobe ɗari asarar ta haura mita uku, wato rubu'in rodi guda. Idan lanƙwasar ta tsananta, kamar a kusurwar ringin ginshiƙi, layin yakan ɗan matsa zuwa ciki. Bugu da ƙari, ƙarfe yakan ɗan buɗe bayan an sake shi, shi ya sa ƙwararre kan zarce kaɗan a wajen lanƙwasawa. Masana'antu sukan auna waɗannan gyare-gyare ta hanyar gwaji, su shigar da su cikin lissafin.

Lanƙwasa da murɗa

Zobe da baka suna kwanciya a ƙasa daram. Amma akwai wayar da ba ta kwanciya, kamar rodin da ake naɗawa yana hawa jikin zagayayyen ginshiƙi, ko wayar murhun masu shayi, ko ƙarfen riƙo na matakala mai zagaye. Irin wannan waya tana da halaye biyu. Na farko lanƙwasa, wato yadda take kauce wa miƙaƙƙiyar hanya. Na biyu murɗa, wato yadda take fita daga shimfiɗar da take kai. Masana biyu na Faransa, Frenet a 1847 da Serret a 1851, su ne suka tsara lissafin waɗannan halaye, kuma daga aikinsu aka tabbatar cewa wanda ya san lanƙwasar waya da murɗarta a kowane wuri, ya san siffarta baki ɗaya.

A kan wannan ne injin lanƙwasa waya na masana'antu yake aiki. A kowane mataki lambobi uku ake ba shi: tsawon da zai turo, digirin da zai juya wayar, da digirin da zai lanƙwasa ta. Kwamfuta tana samo lambobin ne daga guntayen layukan da muka ambata. Tsawon kowane guntu shi ne na farko. Kusurwar da ke tsakanin guntu da mai bi masa ita ce lanƙwasa. Juyawar da ake yi daga wata lanƙwasa zuwa ta gabanta ita ce murɗa. Idan aka ce wa kwamfuta ta riƙe tsawo da lanƙwasa amma ta mayar da murɗa sifiri, sai wayar ta kwanta a shimfiɗe. Wannan zane ake bugawa a takarda da girmansa na gaskiya, mai sana'a ya ɗora waya a kai ya lanƙwasa, daga baya ya murɗa ta a wuraren da aka yi wa alama.

Akwai hanya ta biyu idan wayar tana bin jikin wani abu mai warwaruwa. A ɗauki gwangwanin madara, a ɓare takardar jikinsa, za a ga mustaɗili ce. A ja layi daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa ta sama ta dama, a mayar da takardar jikin gwangwanin. Layin ya zama naɗi mai hawa. Ashe naɗin nan ba kome ba ne illa doguwar gefen alwatika mai kusurwar digiri 90. Mu ce rodi zai naɗe ginshiƙi da faɗin santimita 30, yana hawa santimita 15 a kowane zagaye. Kewayen shi ne 94.25. Murabba'insa 8,883, a tara da 225, a sami 9,108, tushensa kuwa 95.43. Ginshiƙi mai tsawon mita 3 yana bukatar zagaye 20, wato kimanin mita 19.1. Da an manta da hawan, da lissafin ya gaza da kusan santimita 24. Har ila yau lissafin ya sanar da mu tun kafin a je kasuwa cewa rodi ɗaya ba zai isa ba, sai an yi tanadin wurin haɗi.

Bokiti da mazurari

Gwangwani yana warwaruwa, haka ma mazurari da malfa da bokiti. Masu ƙera kayan langa-langa a kasuwanninmu sun daɗe da sanin haka, domin sukan ajiye ma'aunin da suka yanka tun da daɗewa, su riƙa ɗora shi a kan sabon ƙarfe. Matsalar tana tasowa ne ranar da aka nemi wani girma dabam.

Idan aka tsaga mazurari daga baki zuwa tsini aka shimfiɗa, yanki ne na da'ira. Kusurwar yankin ana samunta ne idan aka raba rabin faɗin baki da tsawon gangaren, aka ninka da 360. Mazurari mai rabin faɗin santimita 10 da gangaren 20 yana bukatar digiri 180, wato rabin da'ira cif. Bokiti kuwa mazurari ne da aka datse wa tsini. Mu ce faɗin bakinsa 30, na gindinsa 20, gangarensa 30. Rabin faɗin yana raguwa daga 15 zuwa 10 a cikin santimita 30, wato 5 a kowace 30, saboda haka sai an yi tafiyar santimita 90 daga baki kafin a kai tsinin da aka datse. Sai a kafa ƙusa, a zana baka biyu da igiya, ɗaya mai nisan 90 ɗaya mai nisan 60, a yanki kusurwar 15 bisa 90 sau 360, wato digiri 60. A ƙara ɗan abin da za a naɗe a wajen haɗi, an sami jikin bokiti.

Sirrin waɗannan siffofi shi ne ta kowane wuri a jikinsu ana iya ɗora miƙaƙƙen tsinke ya kwanta. Suna lanƙwasa ne ta fuska ɗaya tak. Masanin lissafi Leonhard Euler ya buga bincike a kan irinsu a 1772.

Gora ta ƙi shimfiɗuwa

Gora da ƙwarya da tukunya suna lanƙwasa ta fuska biyu a lokaci guda, babu inda tsinke zai kwanta a bayansu. Mu ɗauki ƙwarya mai siffar rabin ƙwallo, rabin faɗinta santimita 20. Idan aka bi jikinta da zare daga tsakiyar gindi zuwa baki, za a sami santimita 31.4 ta kowace fuska. Kewayen bakinta kuwa 125.7 ne. To da za ta kwanta a ƙasa, da ta zama faifai mai rabin faɗin 31.4, wanda kewayensa dole ya kai 197.4. Ina za a samo ragowar santimita 71.7? Babu. Dole bakin ya tsage ko ya miƙe, ko kuwa tsakiyar ta tattare.

Carl Friedrich Gauss na ƙasar Jamus, wanda ya shafe shekaru yana aikin safiyo a masarautar Hanoba, shi ya tabbatar a 1827 cewa wannan ba gazawar dabara ba ce. Akwai wata lanƙwasa da ke cikin jikin shimfiɗa kanta, wadda naɗewa ko warwarewa ba su canja ta. Ta takarda sifiri ce, haka ta gwangwani da ta mazurari, shi ya sa ɗaya ke komawa ɗaya. Ta ƙwallo ba sifiri ba ce, don haka babu wata kwamfuta, kome ƙarfinta, da za ta shimfiɗa ƙwallo ba tare da jirkita awo ba. Wannan ne dalilin da ya sa kowace taswirar duniya take da aibi. A taswirar Mercator ta 1569 tsibirin Girinlan yakan yi kama da Afirka a girma, alhali Afirka ta ninka shi kimanin sau 14.

Kwamfuta tana gano wannan lanƙwasa ta hanya mai sauƙi. Takan rufe jikin abu da ƙananan alwatika, sa'an nan a kowace mahaɗa ta tara kusurwoyin da suka haɗu a wurin. Idan jimlar ta cika digiri 360, wurin zai shimfiɗu lafiya. Idan ta gaza, wurin tudu ne kamar bayan ƙwarya. Idan ta zarce, wurin yana da siffar sirdin doki. A duba ƙwallon ƙafa irin wanda aka buga da shi a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko, mai gyale 12 masu gefe biyar da gyale 20 masu gefe shida. A kowace mahaɗa kusurwoyin su ne 108 da 120 da 120, jimla 348, giɓi 12. Mahaɗan 60 ne, giɓin duka ya zama 720. A duba akwati: lungu 8, kowane da giɓin 90, jimla 720 kuma. Descartes ne ya gano cewa wannan adadi ba ya canjawa ga duk rufaffiyar siffa mai fuskoki irin waɗannan. Ma'anarsa ita ce ba a iya kawar da giɓin, sai dai a zaɓi inda za a rarraba shi. Aikin mai zane shi ne ya yanka abin gida-gida, kamar ɓawon lemo, har jirkitar kowane yanki ta yi ƙanƙantar da ƙarfe ko ƙyalle zai iya jurewa.

Dabarar raga

Yanzu sai tambaya ta uku. Raga tana lulluɓe gora ne domin ba ta riƙe dukan awon da takarda ke riƙewa. Zaren da ke tsakanin ƙulli da ƙulli ba ya canja tsawo, amma kusurwar idon raga tana da 'yancin buɗewa da tsukewa. Ido mai gefen santimita 2 yana rufe fili mai murabba'in santimita 4 idan kusurwarsa 90 ce. Idan ta tsuke zuwa digiri 30, gefen yana nan yadda yake, amma filin ya koma 2. Ta haka raga ke haɗiye rarar da ta sa takarda tattarewa. Wanda yake son ya gani da idonsa ya ɗauki rariyar shayi ta waya. Daga shimfiɗaɗɗiyar ragar waya aka matso ta. A gindinta idanun murabba'i ne, amma wajen baki, a kusurwoyi huɗu, sun karkace sun tsuke.

Masanin Rasha Pafnuty Chebyshev ya gabatar da lacca a birnin Faris a 1878 a kan yankan tufafi, inda ya tsara lissafin irin wannan saƙa, shi ya sa ake kiranta ragar Chebyshev har yau. Ga yadda ake zana ta, ko da hannu ko da kwamfuta. A ja layi biyu masu gittawa a bayan ƙwarya. A buɗe kamfas da wata tazara, a yi alama a kan layukan biyu da wannan tazara. Daga alamar farko ta kowane layi a zana ɗan baka, inda bakan biyu suka haɗu nan ne ƙulli na huɗu. A ci gaba da haka ido bayan ido. Da an gama, sai a ƙirga idanun kowane jeri, a kwafe adadin a takarda mai gidajen murabba'i, kuma iyakar da ta fito ita ce siffar da za a yanka daga shimfiɗaɗɗiyar raga.

Dabarar tana da iyaka. Yayin da ake nisa da mahaɗar layukan farko, idanun suna ƙara tsukewa har su rufe, daga nan ragar ba ta iya ci gaba. Masu saƙar birgi sun san wata mafita, domin sukan ƙara yawan idanu a wasu jeri yayin da suke nisa da tsakiya, don ragar ta buɗe sosai in an jefa ta. Masu gine-gine ma sun ci moriyar wannan ilimi. A 1975 aka buɗe wani babban zaure a birnin Mannheim na Jamus, wanda Frei Otto ya tsara rufinsa. An haɗa siraran katakai a shimfiɗe kamar raga mai idon santimita 50, ba a ɗaure kusoshin tamau ba, aka ɗaga ta sannu a hankali har ta zama ƙubba mai faɗin kimanin mita 60, sa'an nan aka ɗaure.

Zane mai bin ma'auni

Abin da ya rage shi ne yadda ake haɗa waɗannan lissafe-lissafe su zama kayan aiki. A zanen da aka saba, idan mai gida ya ce a ƙara faɗin ƙofa, sai a goge a sake kome. A zane mai bin ma'auni kuwa, dangantaka ake rubutawa: tsayin baka rabin faɗin ƙofa ne, tsawon rodi yana bin layin tsakiya, yawan sanduna yana bin tazarar da aka ƙayyade. Da an canja lamba ɗaya, sai zanen da jerin abin da za a yanka su gyaru da kansu.

Tarihin wannan fanni bai yi nisa ba. A 1959 Paul de Casteljau na kamfanin motoci na Citroën ya samo hanyar sarrafa lanƙwasa da 'yan ɗigogi kaɗan, Pierre Bézier na kamfanin Renault kuma ya bunƙasa irinta a shekarun 1960, kuma da sunansa aka san ta. A 1963 Ivan Sutherland ya fito da manhajar Sketchpad a Amurka, wadda ke iya riƙe sharaɗi, kamar a ce layuka biyu su zauna da tsawo ɗaya. A 2007 aka fara fitar da manhajar da aka sani da Grasshopper, wadda masu zanen gine-gine ke harhaɗa matakan lissafi da ita kamar ana jona wayoyi. Akwai kuma GeoGebra da FreeCAD, waɗanda kyauta ne, kuma ta farkon tana aiki a wayar hannu.

Sai dai a yi hattara. Kwamfuta tana bin abin da aka faɗa mata ne kawai. Idan aka ba ta layin ciki maimakon na tsakiya, za ta maimaita kuskuren sau ɗari ba tare da ta ankara ba. Idan aka umurce ta ta shimfiɗa ƙwarya, za ta fitar da zane mai kyan gani wanda awonsa ya jirkita. Saboda haka ƙa'ida ita ce a gwada tsawon kowane guntu kafin shimfiɗawa da bayanta, kuma a yi samfuri ɗaya da waya mai araha kafin a taɓa rodi.

Aiki ga ɗalibai da malamai

Gani ya kori ji. Ga gwaje-gwaje huɗu da ba su bukatar ɗakin gwaji:

1. A lanƙwasa waya yadda aka ga dama, a zana ta a takarda, a auna ta da layuka 4, da 8, da 16, sa'an nan a miƙar da ita a gwada.
2. A yanka bokitin da aka lissafa a sama da kwali, a rage kowane awo zuwa kashi ɗaya bisa uku, a duba ko kusurwar digiri 60 ta canja.
3. A zana alwatika babba a bayan ƙwarya da zare a miƙe, a auna kusurwoyinta, a ga yadda jimlarsu ta haura 180.
4. A zana raga a bayan ƙwarya da kamfas, a lura da inda idanun suka fara tsukewa.

Zai yi kyau malami ya kai ɗalibansa wurin mai walda ko mai saƙar raga, su tambaye shi yadda yake awo, su dawo aji su nemi lissafin da ke bayan amsarsa.

Kammalawa

Mun ga cewa kowace waya tana miƙewa, kuma tsawonta da lanƙwasarta da murɗarta sun isa a sake gina ta. Gwangwani da mazurari da bokiti suna shimfiɗuwa ba tare da jirkita ba. Gora ba ta shimfiɗuwa sai an yanka ta gida-gida ko an yarda da jirkita. Raga kuwa tana lulluɓe ta ne ta hanyar sadaukar da kusurwa domin ta riƙe tsawo. Ɗalibin da ya riƙe π da ƙa'idar Faitagoras da awon kusurwa ya mallaki abin da ake bukata domin shiga wannan fanni, ko a kwalejin fasaha da jami'ar tarayya da ke Birnin Kebbi, ko a shagon walda na unguwarsu. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka muna kira ga malamai su fara waɗannan gwaje-gwaje da ɗalibai tun daga ƙananan azuzuwan sakandare.